Tarihin Jarbar, Masanin Falaki Da Ya Zama Paparoma

Ku sani, ya ku ma'abota karatu da ma'abota fatauci, a cikin shekarar 999 ta Miladiyya, wadda ta yi daidai da 389 ta Hijira, an naɗa wani malami ya zama Paparoma a birnin Rum, watau shugaban dukkan Nasara masu bin ɗarikar Katolika. Sunansa Jarbar, Turawa na rubuta shi Gerbert, sunan da ya ɗauka ranar naɗi kuwa Silbasta na Biyu. A zamaninsa babu wanda ya kamo ƙafarsa wajen sanin lissafi da ilmin falaki a cikin Nasaran yammacin Turai, kuma a bakin iyakar Andalus ya samo tushen wannan sani. Muddin ransa ya riƙe addininsa da nazarin taurari tare, bai saki ɗaya saboda ɗaya ba. Amma bai cika shekara ɗari a kabari ba sai ga waɗansu daga cikin mutanensa suna cewa boka ne, wai da Shaiɗan ya ƙulla ciniki. Ga yadda al'amarin ya gudana.

Asalinsa da farkon karatunsa

An haife shi wajen shekarar 946 a wata ƙasa mai duwatsu ta kudancin Faransa, kusa da wani gari da a ke kira Oriyak. Iyayensa ba 'yan sarauta ba ne, ba kuwa attajirai ba. Tun yana yaro aka shigar da shi gidan ruhubanawa na garin, watau irin zawiyar nan da masu ibadar Nasara ke keɓe kansu a ciki, ba aure, ba dukiya, sai addu'a da aiki da karatu. A nan ya koyi Latin, harshen da su ke addu'a da shi, su ke kuma rubuta ilminsu da shi. Malaminsa na nahawu sunansa Raimun, kuma har Jarbar ya girma ya ɗaukaka bai bar ambatonsa da alheri a cikin wasiƙunsa ba.

Malaman Nasara na wancan zamani sun kasa ilmi fanni bakwai. Uku na harshe ne, watau nahawu da balaga da manɗiƙi. Huɗu na adadi ne, watau lissafi da handasa da ilmin ma'aunin sauti da falaki. Ukun farko ana samun masu karantar da su a Faransa. Huɗun ƙarshe kuwa sun yi rauni ƙwarai, ba abin da ya rage musu sai 'yan guntaye daga littattafan Rumawan dā, ana kwafewa ana sake kwafewa, masu fahimtarsu kaɗan ne.

Abin da ya sa Nasara ke bukatar taurari

Duk da wannan rauni, ibadarsu ba ta tafiya sai da lura da sama, saboda dalili biyu.

Na farko, ruhubanawa suna da lokutan addu'a takwas, bakwai da rana, ɗaya cikin dare, ga shi kuwa ba a ƙago agogo mai bugawa ba tukuna. Wanda aka ɗora wa tada 'yan'uwa ya kan tsaya a wani wuri sananne a farfajiyar gidan, ya jira har tauraro kaza ya hau kan rufin ɗaki kaza, sa'an nan ya buga ƙararrawa. Tun cikin ƙarni na 6 wani babban limaminsu, Giregori na garin Tur, ya wallafa ɗan littafi mai nuna taurarin da za a lura da su a kowane wata domin wannan aiki.

Na biyu, babban idinsu, wanda su ke kira Ista, ba shi da tsayayyiyar rana. Idi ne na tunawa da abin da su ke riƙe da shi a addininsu na cewa Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya tashi daga matattu. Ƙa'idarsa ita ce Lahadi ta farko bayan cikar watan da ya faɗo ran 21 ga Maris ko bayanta, lokacin da dare da rana ke daidaita. Watau sai an haɗa abu uku, tafiyar rana da tafiyar wata da kwanakin mako. Su kuwa ba ganin wata da ido su ke bi ba, lissafi su ke yi, bisa ga cewa shekara 19 ta rana tana kusan daidai da wata 235. Azuminsu na kwana 40 da ke gaban idin, da waɗansu idodi da ke bayansa, duk a kansa su ke rataye. Limamin da ya kuskure wannan lissafi zai sa jama'arsa su yi idi alhali maƙwabtansu na cikin azumi. Saboda haka koyon lissafin kwanaki ya zama tilas a makarantunsu.

Tafiyarsa bakin iyakar Andalus

A shekarar 967 wani basarake mai suna Borel, mai mulkin Barshaluna, ya zo ziyara Oriyak. Shugaban ruhubanawan ya tambaye shi ko akwai gwanayen ilmin adadi a ƙasarsu, ya ce akwai. Sai aka danƙa masa Jarbar, ya tafi da shi, ya sa shi a hannun Atto, babban limamin garin Bik. Jarbar ya zauna can wajen shekara uku.

Ƙasar Borel ta Nasara ce, amma tana iyaka da daular Musulmi ta Andalus. Mai mulki a Ƙurɗuba a lokacin shi ne Halifa Hakam na Biyu, wanda ya yi sarauta daga 961 zuwa 976, mutum mai son littattafai, har yana aika wakilai Bagadaza da Misira su sayo masa su. A zamanin nan ne Maslama al-Majriɗi ya taso, wanda ya gyara jadawalin taurari na al-Hawarizmi ya daidaita shi da Ƙurɗuba. Manzanni da fatake kuwa ba su yanke ba tsakanin ƙasashen biyu, shi kansa Borel ya aika da jakadu Ƙurɗuba a 971 da 974. Inda haja ta bi, nan littafi ke bi. Kusa da Bik akwai gidan ruhubanawa na Ripol, kuma daga ɗakin littattafansa aka sami wani tsohon kundi mai ƙunshe da bayanin usɗurlabi da aka juyo daga Larabci zuwa Latin.

Shi usɗurlabi faifai ne na tagulla, ana rataye shi da zobe. A bayansa akwai sanda mai juyawa mai 'yan ƙofofi biyu, a saita ta kan tauraro a karanta darajar tsayinsa daga ƙasa. A gabansa akwai raga mai ɗauke da alamun manyan taurari, a juya ta har ta dace da abin da aka auna, sai a san sa'a nawa ta shige a daren. Masu tsaida lokaci a masallatan Musulmi da shi su ke gane lokutan salla, ruhubanawa kuwa suka ga zai yi musu amfani wajen addu'arsu ta dare. Masu fassarar sun bar sunayen taurarin da Larabci. Shi ya sa har yau Dabaran, wanda malamai suka sani cikin manzilolin wata bayan Surayya, Turawa ke ce masa Aldebaran.

Ta wannan hanya kuma alƙaluman lissafi tara suka tsallaka, waɗanda asalinsu daga Hindu ne, Larabawa suka karɓa suka yaɗa. Mafi tsufan rubutunsu da aka sani a littafin Nasaran yamma na shekarar 976 ne, wani baruhubane ya rubuta su a Albelda, a arewacin Asbaniya.

Zuwansa Rum da zamansa a Rims

A shekarar 970 Borel da Atto suka tafi Rum neman wata bukata wurin Paparoma Yohanna na 13, suka tafi da Jarbar. Paparoma ya ga irin saninsa na falaki da ma'aunin sauti, abin da babu mai shi a Italiya a lokacin, sai ya ba Sarkin Jamus Otto na Farko labarinsa, shi ne mai riƙe da sarautar Ƙaisar ta Rum. Sarki ya riƙe shi a fadarsa. Amma Jarbar ya ga har yanzu da sauransa a manɗiƙi. Da ya haɗu da wani gwanin wannan fanni daga garin Rims na Faransa, sai ya nemi izini ya bi shi, suka yi musaya, wannan ya koya masa manɗiƙi, shi kuma ya koya masa lissafi. Ya isa Rims wajen 972, babban limamin garin mai suna Adalbero ya ba shi riƙon makarantar babbar majami'a.

Wani baruhubane na Rims mai suna Rishar ya rubuta yadda ya ke karantarwa, kuma daga gare shi aka san mafi yawan labarin. Jarbar bai yarda almajiri ya haddace abin da bai gani da idonsa ba. Ya sa aka sassaƙa masa dunƙulen itace a siffar sama, ya karkata shi a kan turakunsa biyu, ya kewaye shi da zobe mai nuna inda sama ta haɗu da ƙasa, yana juya shi almajirai na ganin yadda taurari ke hudowa su faɗi. Ya yi wani na zobba zalla, mai nuna hanyar rana cikin buruji goma sha biyu da hanyoyin taurari masu tafiya. Ya yi wani kuma wanda aka jera taurari a kan zaren ƙarfe da na tagulla bisa siffar ƙungiyoyinsu, aka ratsa tsakiyarsa da bututu. In aka saita bututun kan turken sama na arewa, sai kowace ƙungiya ta dace da 'yar'uwarta da ke sama, har wanda bai yi karatu ba, in an nuna masa ɗaya, zai gane sauran da kansa. In dare ya yi sarari ya kan fita da almajirai waje, su lura da taurari tun daga hudowa har faɗuwa. A fahimtarsa, kamar ta sauran malaman zamanin, Musulminsu da Nasaransu, ƙasa dunƙulalliya ce tana tsakiya, sammai na kewaya ta.

Wajen lissafi kuwa, Nasara a lokacin da haruffa su ke rubuta adadi, kamar hisabin abajada, I ɗaya, V biyar, X goma, L hamsin, C ɗari, M dubu. Wannan ya isa a rubuta bashi, amma ninkawa da rabawa da shi azaba ne. Mai son rubuta 388 sai ya jera haruffa goma sha ɗaya. Jarbar ya sa wani maƙerin garkuwa ya yi masa allo mai gidaje 27, ya sa aka sassaƙa 'ya'ya dubu na ƙaho, kowanne ɗauke da alama ɗaya daga cikin alamu tara. To, 388 a allonsa 'ya'ya uku ne kurum, mai alamar 3 a gidan ɗaruruwa, mai alamar 8 a gidan gomomi, wani mai alamar 8 a gidan ɗaiɗai. Inda sifiri zai zauna sai a bar gidan fanko. Da wannan allo ya ke ninkawa da rabawa da saurin da ya ba mutane mamaki, ya kuma rubuta wa abokinsa Kunstantin ɗan littafi na ƙa'idodin aiki da shi. Almajirai suka riƙa zuwa daga Faransa da Jamus, har da Robat, wanda daga baya ya zama Sarkin Faransa.

Muhawara da neman littattafai

Suna ya kan jawo hassada. Wani malami na garin Magdebug a Jamus, mai suna Otirik, ya aiko da almajirinsa Rims a ɓoye ya saurari karatun. Almajirin ya hargitsa abin da ya rubuta, ya kai wa malaminsa, shi kuwa ya kai ƙara gaban Sarki Otto na Biyu cewa Jarbar ya kuskure tsarin fannonin ilmi. Sarki ya tara su a garin Rabenna na Italiya cikin hunturu, ana barin 980 ana shiga 981, a gaban malamai masu yawa. Aka wuni ana kai hujja ana kawowa, Jarbar bai gaji ba, sai da sarki da kansa ya tsaida magana don masu sauraro sun jigata.

Ba a daɗe ba sarki ya naɗa shi shugaban gidan ruhubanawa na Bobbiyo, wanda ke da ɗakin littattafai na ɗaruruwan kundaye. Amma ya tarar da gonakin gidan a hannun masu ƙarfi na ƙasar, ya nemi karɓowa, suka yi masa ca. Da Otto na Biyu ya mutu a Disamba 983 sai ya rasa majingina, ya koma Rims.

Wasiƙunsa fiye da ɗari biyu sun wanzu har yau, kuma ana ganin halinsa a cikinsu. A shekarar 984, yana tsakiyar rikicin sarakuna, ya rubuta wa wani malami na Barshaluna mai suna Lobet yana roƙon ya aiko masa da littafin taurari da ya fassara. A shekarar nan kuma ya rubuta wa babban limamin garin Jirona yana neman littafin ninkawa da rabawa na wani Yusufu mutumin Asbaniya. Wani baruhubane na garin Tiriya ya roƙe shi dunƙulen sama, Jarbar ya ce sai dai a yi musaya, a kwafo masa wani littafin waƙa na Rumawan dā. Ya sanar da shi ana nan ana goge itacen ana rufe shi da fatar doki, in kuwa mai cikakken ado da launuka ya ke so, to, aikin shekara guda ne.

Rikicin Rims

A shekarar 987 Adalbero da Jarbar suka taimaka aka naɗa Hugu Kapet sarautar Faransa, gidan sarauta na dā ya faɗi. Adalbero ya mutu a farkon 989. Jarbar ya sa rai shi zai gaje shi, amma sarki ya ba Arnulfu, ɗan tsohon gidan sarauta, don neman sulhu. Arnulfu ya ci amana, ya buɗe wa baffansa ƙofar gari, shi kuwa baffan abokin gāban sarki ne. A 991 limaman Faransa suka taru suka tuɓe shi, aka naɗa Jarbar. Paparoma Yohanna na 15 ya ƙi yarda, ya ce babu mai ikon tuɓe babban limami sai Rum. Aka yi shekaru ana jayayya, jama'ar Jarbar suka janye daga gare shi, har ya zama ba mai cin abinci tare da shi. Daga ƙarshe ya bar garin.

Sai wata ƙofa ta buɗe. Sarki Otto na Uku, saurayi ne da bai kai shekara ashirin ba, ya rubuto masa yana neman ya zo ya koya masa lissafi, ya kuma zama mai ba shi shawara. Wani marubucin tarihi na Jamus mai suna Titmar ya ambata cewa a Magdebug Jarbar ya ƙera abin gane sa'o'i, ya daidaita shi bayan ya leƙa tauraron da matuƙan jirgin ruwa ke bi ta cikin bututu. A 998 aka ba shi limancin Rabenna. A watan Afrilu na 999, bayan mutuwar Paparoma Giregori na 5, aka ɗora shi kan kujerar Rum. Garuruwan nan uku da ya riƙe, Rims da Rabenna da Rum, duk da harafin ra suka fara. Shi ne mutumin Faransa na farko da ya zama Paparoma.

Mulkinsa da mutuwarsa

Cikin abubuwan da ya fara yi, ya rubuta wa Arnulfu, abokin hamayyarsa na dā, ya tabbatar masa da limancin Rims, bai rama ba. Ya yi faɗa da sayar da muƙaman addini da kuɗi, abin da ya zama ruwan dare a lokacin. A zamaninsa aka kafa kujerar babban limami a ƙasar Polan a shekarar 1000, aka kuma naɗa Istifanus sarkin farko na Hangari. Sarautar ba ta raba shi da almajirai ba, don wani malami mai suna Adalbol ya rubuto masa, yana Paparoma, a kan yadda a ke gane girman dunƙulallen abu in an san faɗinsa.

Amma mutanen Rum ba su son sarki Bajamushe da Paparoma baƙo. A 1001 suka yi bore, Otto da Silbasta suka fita daga birnin. Otto ya mutu da zazzaɓi a Janairu 1002, yana da shekara 21. Silbasta ya koma Rum ba shi da ƙarfin mulki, yana aikin majami'a kurum, har ajali ya same shi ran 12 ga Mayu 1003, cikin shekarar 393 ta Hijira. Aka binne shi a majami'ar Lateran.

Yadda aka ɓata masa suna

Rishar da Titmar, waɗanda suka yi zamani da shi, yabon iliminsa suka yi. Amma wajen ƙarshen ƙarni na 11 rikici ya tashi tsakanin Paparoma Giregori na 7 da Sarkin Jamus Hanri na 4. Wani babba a majalisar Rum mai suna Beno, wanda ke gāba da Giregori, ya so ya nuna cewa Giregori matsafi ne, sai ya tsara masa silsilar malamai ta sihiri, ya kai ta har kan Silbasta. Wajen 1125 wani baruhubane na Ingila, Wilyam na Mamsbari, ya tattara tatsuniyoyin ya sa a littafin tarihinsa. Wai Jarbar ya gudu Ishbiliya, ya saci littafin asiri na malaminsa Musulmi. Wai ya zuba kan mutum na ƙarfe a wata sa'a ta taurari, kan yana amsa masa da i ko a'a. Wai ya tambaye shi ko zai mutu kafin ya yi addu'a a Ƙudus, kan ya ce a'a, sai ya ƙudura ba zai je ba, ashe akwai majami'a a cikin Rum da a ke kira da sunan Ƙudus, da ya yi addu'a a ciki sai ciwo ya kama shi. Wai da ya ga mutuwa ya yi umurni a daddatsa gawarsa.

Abu uku suka haɗu suka haifi wannan ƙage. Akwai siyasa, kamar yadda aka gani. Akwai mamakin yadda ɗan talaka ya hau kujerar da 'ya'yan sarakuna ke nema. Akwai kuma rashin rarrabewa tsakanin ilmi biyu, watau sanin tafiyar taurari don gane lokaci da jiha, da kuma da'awar sanin gaibu ta hanyarsu. Malaman Musulunci sun rarrabe su, manyan malaman Nasara ma haka. Agustin, mutumin Afirka ta Arewa da ya mutu a 430, ya yi raddi mai tsawo ga masu duba da taurari, Isidoro na Ishbiliya kuma, wanda ya mutu a 636, ya bambanta fannin biyu a littafinsa. Amma a Latin na zamanin Jarbar kalma ɗaya tana ɗaukar ma'ana biyun, kamar yadda munajjimi ke ɗauka a Larabci. Jahili in ya ga mutum tsakar dare yana leƙen sama ta bututu, ga waɗansu alamu baƙi da ya samo daga ƙasar waɗanda ba addininsu ɗaya ba, ba zai tsaya tambayar wanne daga cikin biyun ya ke yi ba.

A shekarar 1648, ana gyaran majami'ar Lateran, aka buɗe kabarinsa. Wani limami da ke wurin ya rubuta cewa sun tarar da gawar cikakkiya cikin tufafin sarauta, hannuwa a harɗe bisa ƙirji, da iska ta taɓa ta sai ta zama ƙura. Babu alamar an daddatsa ta.

Abin da ya biyo bayansa

Hanyar da ya share ba ta toshe ba. Wani baruhubane gurgu na Jamus mai suna Harman, wanda ya mutu a 1054, ya wallafa yadda a ke ƙera usɗurlabi. Alƙaluman tara kuwa sun daɗe a hannun malamai kaɗai, sai da fatake suka ɗauka sa'an nan suka bazu. Wani ɗan attajiri na Italiya, Liyonardo mutumin Pisa, ya koye su tare da sifiri a garin Bijaya na ƙasar Aljeriya ta yau, ya wallafa littafinsa a 1202. Alƙaluman da ɗan kasuwa ke rubuta cinikinsa da su yau a boko, siffarsu daga ta Magrib da Andalus ta samo asali.

Lissafin Ista shi ma ya sake kai Paparoma ga masana falaki. Tsohuwar kalandar Rumawa ta ɗauki shekara kwana 365 da rubu'i, alhali ta ɗara shekarar rana da wajen minti 11, watau kwana guda a cikin shekara 128. A hankali daidaituwar dare da rana ta zame daga 21 ga Maris ta koma wajen 11. A 1582 Paparoma Giregori na 13, bisa shawarar masana, ya zubar da kwana goma, aka kwana Alhamis 4 ga Oktoba aka tashi Juma'a 15, aka kuma rage shekarun kabisa uku a cikin kowace shekara 400. Ita ce kalandar da ke rataye yau a ofisoshi da kantuna.

Ba kullum aka zauna lafiya ba. A 1633 kotun addini ta Rum ta hukunta Galiliyo saboda ya tsaya kan cewa ƙasa ce ke kewaya rana, aka tsare shi a gida har ya mutu a 1642. Sai a 1992 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya yarda a fili cewa malaman da suka yi hukuncin sun kuskure. Tsakanin waɗannan lokuta biyu, a 1891, Paparoma Liyo na 13 ya sake kafa gidan nazarin taurari na fadar Batikan, wanda limamai ke aiki a cikinsa har yanzu.

Wannan shi ne tarihin Jarbar na Oriyak. Ya nemi ilmi inda ya ke, bai dubi harshen da aka rubuta shi ba, ya saye shi da roƙo da musaya da tafiya, ya kuma bayar da shi ga wanda ya nema. Waɗanda suka kira shi boka sun ci gaba da tsaida idinsu da lissafin da irinsa ne kaɗai ke iya gyarawa.

Tamat.